Lambar Takardar Shaida, Adadin Bugu da Yawan Ciniki: Nazari kan Kwandalolin da Ake Tarawa

Tsakure

Masana'antun buga kuɗi na ƙasashe da dama suna fitar da kwandalolin zinare da azurfa na musamman, waɗanda ba don cefane ake yin su ba, sai don masu sha'awar tarawa. Akan haɗa kowace kwandala da takardar shaida, sau da yawa mai ɗauke da lamba. Masu saye da yawa sun ɗauka cewa lambar nan tana nuna matsayin kwandalarsu a jerin bugu, ko kuma tana nuna yawan waɗanda aka sayar. Wannan maƙala ta bi diddigin dangantakar da ke tsakanin lambar takarda da adadin bugu da yawan ciniki, da misalai daga Amurka da Birtaniya da Ostareliya. Abin da ta gano shi ne lambar tana ƙidaya takardun da aka buga ne kawai, kuma duk mai son sanin ƙarancin kwandala dole ya nemi wasu alƙaluman daban.

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa an san sisin gwal, wanda ake biyan sadaki da shi ko a ajiye saboda ɓacin rana. Mai sayensa abu biyu yake dubawa: nauyi da kyawun zinaren. Idan an ɗora a ma'auni, an kuma tabbatar da karat, ciniki ya faɗa. Amma akwai wata kasuwa da ta bambanta da wannan, wadda ta yi ƙarfi a Turai da Amurka da Sin, inda mutum zai biya ninkin-ba-ninkin kuɗin ƙarfen da ke jikin kwandala saboda an ce masa irinta ba ta da yawa a duniya. A wannan kasuwa ƙaranci shi ne hajar da ake sayarwa, takardar shaida kuwa ita ce ke tsayawa a matsayin mai ba da shaida a kan ƙarancin.

Tunda intanet ta buɗe wa kowa ƙofar gwanjo, mutumin da ke Kano ko Damagaram yana iya sayen irin waɗannan kwandaloli daga inda yake zaune. Abin da zai fara ɗaukar hankalinsa a hoton talla shi ne ɗan rubutu irin wannan: 0412/5000. Tambayar da maƙalar nan ke son amsawa ita ce: me waɗannan lambobi biyu suke tabbatarwa, me kuma ba su isa su tabbatar ba?

2.0 Alƙaluma Huɗu da Ake Cakuɗawa

Kafin a yi maganar takarda, ya kamata a raba alƙaluma huɗu da 'yan kasuwa kan faɗa da kalma ɗaya.

Na farko shi ne iyakar bugu, wato adadin da doka ko hukumar masana'anta ta ce ba za a wuce ba. Alkawari ne da ake yi tun kafin a buga ko ƙwaya ɗaya. Wani lokacin ma ba lissafin kasuwa ke kawo shi ba. A 2020 masana'antar buga kuɗi ta Amurka ta fitar da kwandalar zinare ta tunawa da cika shekara 75 da ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu, ta tsayar da iyakarta a 1,945 don adadin ya dace da shekarar da yaƙin ya ƙare.

Na biyu shi ne abin da aka buga a zahiri. Na uku shi ne abin da aka sayar, bayan an cire waɗanda suka yi kwantai da waɗanda aka dawo da su. Na huɗu kuwa shi ne abin da ya saura a hannun mutane a yau.

Tarihi cike yake da misalan tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma. A 1915, lokacin baje kolin da aka yi a San Francisco don murnar kammala mashigin ruwa na Panama, an buga kwandalolin zinare masu darajar dala 50 iri biyu, mai kewaye da mai kusurwa takwas, kimanin 1,500 na kowane iri. An sa musu farashin dala 100, kuɗin da ya fi ƙarfin yawancin mutanen wancan zamani. Mai kewayen guda 483 kawai aka sayar, mai kusurwa takwas kuma 645, sauran duk aka narke su. A 1997 an ba da izinin buga kwandalar zinare har 100,000 don tunawa da Jackie Robinson, baƙar fata na farko da ya shiga babbar gasar ƙwallon besbol ta zamani a 1947. Nau'inta marar ƙyallin madubi guda 5,174 kacal aka sayar. Mafi ban mamaki ita ce kwandalar zinare ta dala 20 ta 1933. An buga 445,500, amma kafin a sake su Shugaba Roosevelt na Amurka ya hana mutane riƙe zinare, aka narke kusan dukkansu. Guda ɗaya, wadda ake danganta ta da taskar Sarki Faruk na Masar, ita kaɗai doka ta yarda wani ya mallaka, kuma a 2021 an sayar da ita a gwanjo kan kimanin dala miliyan 18.9.

A dukkan waɗannan misalai, wanda ya riƙe adadi na farko ko na biyu kaɗai bai san komai ba game da ainihin ƙarancin kwandalar.

3.0 Yadda Takarda ke Haɗuwa da Kwandala

Tushen ruɗanin yana cikin yadda ake aikin. Kwandala a ɗakin bugu ake yin ta, inda ake danna faifan ƙarfe tsakanin hatimai biyu. Takarda kuwa a maɗaba'a ake buga ta, sau da yawa tun kafin a fara bugun ƙarfen, kuma bisa adadin iyaka, domin a lokacin ba wanda ya san nawa za a sayar. Kwandalolin sukan taru a faranti, a duba su, a cire masu tabo, a sa sauran a 'yan gwangwanayen roba, a ajiye a sito. Sai a teburin shirya kaya ne ma'aikaci zai ɗauki kwandala da hannu ɗaya, ya ɗauki takarda da ɗaya hannun, ya haɗa su a akwati. Kafin wannan lokacin babu abin da ya haɗa su, kuma a mafi yawan lokuta babu lambar da aka zana a jikin ƙarfen da za ta ɗaure su tare bayan an buɗe akwatin.

3.1 Azurfar Carson City

Daga 1972 zuwa 1980 gwamnatin Amurka ta sayar wa jama'a kusan kwandalolin azurfa miliyan uku da aka tarar jibge a buhuna a baitulmali, mafi yawansu bugun masana'antar Carson City ta jihar Nevada, masu alamar CC. An sa kowace a cikin baƙin gidan roba mai tauri, aka sa gidan a akwati tare da ɗan kati mai lamba. A katunan da suka dace da kwandalolinsu, lambobi biyu na farko suna nuna shekarar bugu ne, wato katin kwandalar 1883 yana farawa da 83. Sauran lambobin jerin katunan ne kawai. Ba zai yiwu su nuna jerin bugu ba, domin kusan shekara casa'in ne tsakanin bugun azurfar da bugun katin, kuma kwandalolin sun yi duk wannan zaman a cakuɗe cikin buhu.

Wannan gwanjo ya koyar da wani darasin. Kwandalar 1884 mai alamar CC an buga ta 1,136,000, sai ga shi fiye da 960,000 daga ciki suna cikin buhunan, ba su taɓa shiga hannun kowa ba. Abin da aka daɗe ana ɗauka mai wuyar samu ya zama a wadace dare ɗaya. Adadin bugu bai canza ba, abin da ya canza shi ne sanin nawa suka saura.

3.2 Azurfar San Francisco ta 2019

A watan Nuwamba na 2019 masana'antar Amurka ta fitar da wata kwandalar azurfa mai alamar S ta San Francisco, mai iyaka 30,000, kan dala 65.95, kowane gida guda ɗaya. An zaɓi adadin da ya gaza 30,125, wato abin da aka sayar na shahararriyar kwandalar 1995 mai alamar W, wadda ta daɗe tana riƙe da kambun ƙaranci a cikin kwandalolin azurfa irin wannan. Takardun shaidar suna da lambobi, kuma shugaban masana'antar na lokacin, David Ryder, ya sa hannu da kansa a kan guda ɗari. Cikin mintuna kaɗan kaya suka ƙare.

Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Tunda babu lamba a jikin azurfar, kamfanonin tantance lafiyar kwandala suka ce duk mai son a rubuta lambar takardarsa tare da kwandalarsa sai ya aiko da kunshin a rufe, yadda ya fito daga masana'anta. Wannan sharaɗi kaɗai ya isa hujja. Da zarar an yanke tef ɗin kwali, ba wanda zai iya rantsewa cewa wannan takarda ta wannan kwandala ce, domin mai akwati biyu yana iya musanya su cikin daƙiƙa, ya haɗa ƙaramar lamba da kwandalar da ta fi kyau.

4.0 Lamba ta Biyu: Iyakar Me?

A rubutu irin 0412/5000, mutane sukan amince da lamba ta biyu ba tare da tambaya ba. Ita ma tana buƙatar bincike. Masana'antar Royal Mint ta Birtaniya, da ke Llantrisant a yankin Wales, tana bayyana alƙaluma biyu a kan kayanta: iyakar wannan shiri na akwati, da kuma iyakar kwandalar gaba ɗaya. Dalili shi ne kwandala ɗaya tana iya fitowa ita kaɗai a akwatinta, ta kuma fito cikin saiti mai guda uku ko huɗu ko biyar. A ƙaddara takardar wani saiti ta ce 500. Wannan yana nufin akwatuna irinsa ba za su wuce 500 ba, amma kwandalar da ke ciki tana iya kasancewa dubbai idan an haɗa dukkan shirye-shiryen da ta fito a ciki. Mai saye da bai san wannan bambanci ba zai biya kuɗin ƙarancin kwandala, alhali ƙarancin akwati ya saya.

Masana'antar Perth ta Ostareliya ita ma ta raba kalmomi biyu: iyakar bugu, da adadin da ta bayyana bayan an rufe bugu. Wannan na biyun shi ne mai amfani ga mai nazari, kuma yakan fito ne bayan ciniki ya ƙare, lokacin da takardar ta riga ta daɗe a hannun mai ita. Takarda ba ta komawa maɗaba'a a gyara ta. Za ta ci gaba da cewa 5,000 har abada, ko da 1,800 ne suka bar sito.

Lamarin ya yi kama da katin gayyatar biki. Idan mai biki ya buga kati 500 masu lamba, wanda ya zo da kati na 480 bai tabbatar da cewa mutum 479 sun riga shi shiga ba, bai kuma tabbatar da cewa zauren ya cika ba.

5.0 Ko Lambobi za su Iya Tona Adadin Ciniki?

Wasu masu tarawa sukan tattara lambobin takardun da suka gani a kasuwa don su ƙiyasta nawa aka sayar. Dabarar tana da asali mai daraja a ilimin ƙididdiga. A Yaƙin Duniya na Biyu masanan ƙasashen ƙawance sun yi amfani da lambobin da ke jikin tankokin Jamus da aka kama ko aka lalata don gano yawan waɗanda ake ƙerawa. Ga watan Agusta na 1942, ma'aikatan leƙen asiri sun ce 1,550, masu lissafi suka ce 327, kuma da aka samu takardun Jamus bayan yaƙi sai aka tarar 342 ne. Richard Ruggles da Henry Brodie sun bayyana aikin a wata maƙala ta 1947.

Ƙa'idar ba ta da wuya. A ɗauki lamba mafi girma da aka gani, a raba ta da yawan samfuran da aka gani, a ƙara sakamakon a kanta, a cire ɗaya. Idan an ga takardu 10, mafi girmansu 4,000, ƙiyasin zai zama 4,000 da 400, a cire 1, wato 4,399.

Sai dai ƙa'idar tana tsaye ne a kan sharuɗa uku: lambobin su fara daga ɗaya, a yi amfani da su a jere ba tsallake, kuma samfuran da aka gani su zo ba tare da zaɓi ba. Tankokin Jamus sun kusa cika waɗannan sharuɗa, domin ba a ba tanka lamba sai an ƙera ta. Takardun kwandala kuwa sukan karya duka ukun. A ƙaddara an buga takardu 5,000, aka sayar da kwandala 1,800, ma'aikata kuma suna ɗibar takardun daga kowane ƙunshi da ya zo hannu. Lambobin da za su fita kasuwa za su warwatsu daga ɗaya har zuwa 5,000, don haka lissafin zai dawo da kusan 5,000. Amsar daidai ce, amma amsar wata tambaya ce daban: ta faɗi yawan takardun da aka buga, abin da kowa ya riga ya sani. Ƙari a kan haka, masana'anta kan ware ƙananan lambobi don ajiya ko kyauta ko gwanjo na musamman, takan lalata takardun da suka ɓaci, masu sayarwa kuma sun fi tallata lambobi masu ɗaukar ido.

Don haka wannan hanya tana aiki ne kawai idan masana'anta ta tabbatar cewa a jere take shirya kaya. In ba haka ba, abu ɗaya ne tabbatacce: yawan lambobi mabambanta da aka gani a hannun mutane shi ne mafi ƙarancin abin da aka sayar.

6.0 Lambobin Kamfanonin Tantancewa

Akwai wata lambar da ake ruɗewa da ita. Kamfanoni irin su PCGS, da aka kafa a 1986, da NGC, da aka kafa a 1987, suna karɓar kwandala su auna lafiyarta a ma'auni mai hawa 70, wanda ya samo asali daga aikin William Sheldon na 1949, sannan su like ta a gidan roba mai lamba. Wannan lamba ta rajistar kamfanin ce, ba ta da alaƙa da masana'anta. Amfaninta shi ne mai saye zai iya shigar da ita a shafin kamfanin ya ga ko bayanin ya dace da abin da ake nuna masa.

Kamfanonin suna kuma wallafa jimillar kwandalolin da suka tantance na kowane iri. Wannan jimilla ma ba adadin waɗanda suka saura ba ce. Mai kwandalar da aka ba 64 yakan fasa gidan ya sake turawa da fatan samun 65, sai kwandala ɗaya ta shiga lissafi sau biyu ko uku. A ɗaya ɓangaren, kwandalar da farashinta bai kai kuɗin tantancewa ba ba a cika tura ta ba, sai ta bayyana a jadawali tamkar mai ƙaranci.

Haka batun tambarin da ke cewa bugun farko. Abin da yake nufi a aikace shi ne an kai kwandalar wurin tantancewa cikin kwana 30 na farkon fitowarta. Masana'antar Amurka ta fito ta bayyana cewa ba ta riƙe da bayanin wace kwandala ce ta riga wata fita daga hatimi, kuma takan buga da yawa tun kafin ranar fara sayarwa. Bayan ƙararrakin da aka shigar a 2006, NGC ta sauya tambarinta zuwa wanda ke nufin fitowar wuri.

7.0 Lamba da Farashi

Duk da haka kasuwa tana biyan kuɗi a kan lamba. Takarda ta ɗaya takan yi tsada, haka ta ƙarshe. Masu saye a Sin suna son lamba 8 saboda suna danganta ta da arziki, suna kuma gudun 4. Babu laifi mutum ya biya abin da ransa ke so, matuƙar ya san takarda yake ƙara wa kuɗi. Inda zalunci ke shigowa shi ne lokacin da mai talla ya ce ƙaramar lamba tana nufin bugu mafi kaifi saboda hatimi yana sabo. A bugu mai yawa ana sauya hatimai sau da dama, don haka kwandalar da aka buga a rana ta ƙarshe tana iya fitowa daga sabon hatimi.

Ƙarancin ma shi kaɗai ba ya yin farashi, sai ya haɗu da masu nema. Kwandalar fensa 50 ta Birtaniya ta 2009 mai hoton hasumiyar lambun Kew an saki 210,000 cikin kuɗin kashewa, ba takarda ba akwati, amma saboda mutane da yawa na neman ta sai ta riƙa sayuwa sama da fam 100. A gefe guda, akwai kwandaloli masu iyakar ɗaruruwa kaɗan, da takardu masu ado, waɗanda in mai su ya tashi sayarwa ba zai samu fiye da kuɗin ƙarfensu ba. Kuma kamar yadda misalin Panama da na Jackie Robinson suka nuna, sau da yawa kwandalar da aka ƙi saye a ranar fitowarta ita ce ke zama abin nema daga baya, domin rashin cinikin ne ya haifar da ƙarancin, kuma wannan labari ne da takardar shaida ba za ta taɓa ɗauka ba.

8.0 Shawarwari da Kammalawa

Lambar takarda tana da amfani na gaskiya a wuri biyu. Tana taimakawa wajen kama jabu, domin in lamba ɗaya ta bayyana a hannun mutum biyu an san da matsala. Tana kuma taimakawa wajen bin sawun kwandala daga hannu zuwa hannu, musamman idan an zana lambar a gefen ƙarfen, kamar yadda wasu masana'antu ke yi wa manyan kwandaloli. Bayan waɗannan, duk abin da aka ɗora mata ya fi ƙarfinta.

Saboda haka maƙalar nan tana ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, masana'antu su rubuta a jikin takarda ko lambar tana bin jerin bugu ko ba ta bi. Na biyu, su riƙa wallafa adadin da aka buga da wanda aka sayar da wanda aka narke bayan rufe ciniki, su kuma lalata ragowar takardu a gaban masu binciken asusu. Na uku, masu nazari su daina rubuta adadin bugu kurum a kundayensu, su fayyace wanne daga cikin alƙaluma huɗun suke nufi. Na huɗu ya shafi mai saye, musamman sabon shiga: kafin ya biya ko sisi a kan kuɗin ƙarfe, ya tambayi ko iyakar ta akwati ce ko ta kwandala, nawa aka sayar a ƙarshe, kuma wa ya bayyana adadin. Idan mai sayarwa ya kasa amsa waɗannan, to a ɗora kwandalar a ma'auni a biya kuɗin nauyinta.